Wasannin gargajiyar Japan: raye suke ko adana su kawai aka yi?

Ɗan_Marina
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana kan wasannin gargajiyar Japan, na kuma san wasu za su ji haushina. Kullum in ana zancen al'ada a nan sai wani ya ce "ku dubi Japan, sun ci gaba amma ba su yar da nasu ba." Shi ya sa na nemi wasan da suke kira Noh a YouTube. Mutum ɗaya ne sanye da fuskar katako, ya fito ta wata doguwar baranda yana jan ƙafa, kafin ya iso tsakiyar dandamali har shayina ya huce. Makaɗa suna ta "yo! ho!", 'yan amshi na gefe a durƙushe suna gunji. An ce ya haura shekara 600 ana yin sa. Ni dai a ganina abin da ba ya canjawa ba shi da rai. Gwamnati mai kuɗi ce ta ɗauke shi ta adana saboda baƙi masu yawon buɗe ido. In wannan ne riƙon al'adar da ake cewa mu koya, me za mu koya a ciki? Wanda ya san abin ya fahimtar da ni.

Gwanki
Wa alaikumus salam. Ai ka yi ƙoƙari da ka raka shi har tsakiyar dandamali. Ni tun yana barandar barci ya yi awon gaba da ni.

Bahaushe_a_Osaka
Malam Ɗan_Marina, ka ɗauki ɗaya ka yanke wa duka hukunci. Manyan wasanninsu ba iri ɗaya ba ne, kuma ba mutane ɗaya suka raine su ba. Noh da ka gani na fada ne. Kan'ami da ɗansa Zeami ne suka daidaita shi a ƙarni na 14, bayan Shogun Ashikaga Yoshimitsu ya ga wasansu a Kiyoto wajen 1374 ya ja su jikinsa. Shogun shi ne shugaban mayaƙa, a hannunsa mulki na gaske yake. Kabuki kuwa, da wasan 'yar tsana da ake kira Bunraku, na 'yan kasuwa ne da talakawan birni, kuma sun zo bayan Noh da fiye da shekara 200. A Kabuki ana tsalle, ana sara da takobi, dandamali yana juyawa, mutum ya ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa. Batun baƙi kuma, da na shiga gidan Bunraku na ƙasa da ke nan Osaka, waɗanda suka cika kujeru Japanawa ne, galibi dattawa, mata sun fi yawa. Baƙin da na gani ba su taka kara sun karya ba.

Ɗan_Marina
Dattawa ka ce. To ai ka ƙarfafa maganata. In sun kau fa, wa zai zauna a kujerun?

Hajiya_Mai_Alli
Ɗan_Marina, inda ka ce bai canja ba shi ne ban yarda ba. Wannan jan ƙafar da ya ishe ka, shi kansa canji ne. Masu bincike suna ganin a zamanin Zeami wasa ɗaya ba ya cin lokacin da yake ci yanzu, wajen rabi ne. Abin da ya faru shi ne gidan Tokugawa, da suka yi mulki daga 1603 zuwa 1868, sun mai da Noh wasan bukukuwan hukuma. Aka yanka wa 'yan wasa albashi, aka ƙayyade wa kowane gida abin da zai yi. Wanda yake wasa gaban Shogun, inda kuskure ɗaya zai iya jawo masa hukunci, ba ya gaggawa. Da haka komai ya yi nauyi, ya yi sanyi.

Batun gwamnati ma ba haka tarihin ya tafi ba. Da mulkin Shogun ya faɗi a 1868 albashin ya tsaya cak, 'yan wasa da yawa suka sayar da fuskokinsu da tufafinsu suka kama wasu sana'o'i. Saura ƙiris abin ya mutu. Wasu manya irin su Iwakura Tomomi, wanda ya zaga Turai ya ga yadda sarakunan can suke kai baƙinsu gidajen waƙa, su suka tallafa aka tashe shi. A yau kuma babbar hanyar cin abincin 'yan Noh ita ce koyarwa. Likita, ma'aikacin banki, matar gida, kowa ya biya kuɗi ana koya masa rera baitocin ko taka rawar, don sha'awa kawai. Waɗannan ɗaliban su ne kuma suke sayen tikiti in malaminsu zai hau dandamali.

Uwar_Biyu
Hajiya, ni tambayata ba ta tarihi ba ce. Wai labari ake bayarwa a ciki ko rawa ce kawai? Na kalla ban ga an yi komai ba.

Hajiya_Mai_Alli
Akwai labari, Maman Biyu, sai dai yawanci abin ya riga ya faru kafin a fara wasan. Bari in ba ki ɗaya na Zeami, sunansa Atsumori. A yaƙin Ichi-no-tani a 1184, wani barde mai suna Kumagai ya kayar da wani mayaƙi a bakin teku. Da ya cire masa kwalkwali sai ya ga yaro ne sa'an ɗansa. Ya so ya bar shi, amma ga mutanensa sun taho a baya, in bai kashe shi ba su za su kashe. Ya kashe shi, ya tarar da sarewa a jikinsa. Abin ya tsaya masa a rai har ya ajiye takobi ya shiga zuhudu irin na addinin Buda.

Duk wannan bayan fage ne. Wasan yana farawa ne da Kumagai ya dawo wurin bayan shekaru don ya yi wa yaron addu'a. Ya haɗu da masu yankan ciyawa, ana busa sarewa. Suka watse, ɗaya ya tsaya. Ashe fatalwar yaron ce. Da dare ya sake fitowa cikin kayan yaƙi, ya ba da labarin darensa na ƙarshe, ya taka rawa, ya zare takobi ya yi kan wanda ya kashe shi. Sai ya tsaya, ya ce wanda ya daɗe yana yi masa addu'a ba maƙiyinsa ba ne. Shi ke nan. In kin san wannan kafin ki kalla, jan ƙafar nan zai yi miki ma'ana dabam. Wasanninsu da yawa haka ƙirarsu take: matafiyi ya iso wani wuri, ya haɗu da ɗan gari, ɗan garin ya zama mamacin da wani abu ya hana shi hutawa. Wajen wasa 240 ne ake yi har yanzu.

Abu_Sumayya
To wannan ai bori ne da tufafi masu tsada. Kiɗa, a kira mamaci, ya sauko ya yi magana. Me ya rage?

Hajiya_Mai_Alli
Allah ya gafarta Malam, hawa ne ya rage, kuma shi ne borin. A Noh ba wanda ya ce wani abu ya hau shi. Kowane taku a ƙidaye yake, an haddace shi tun yarinta. Amma ba zan ce maka ba shi da alaƙa da addininsu ba. A harabar wuraren bautarsu ya taso, kuma akwai wani tsohon wasa da ake kira Okina, wanda su da kansu suke cewa ya fi kusa da ibada. Ana yin sa a sabuwar shekara da manyan bukukuwa, mai yin sa yana tsarkake kansa kafin ranar, kuma a gaban jama'a yake ɗaura fuskar. Sauran kuwa wasan kwaikwayo ne.

Jikan_Makaɗa
Ku bar fatalwa ku dubi gangunan, ni su suka riƙe ni. Akwai ƙaramar da ake ɗorawa a kafaɗar dama, mai siririn ƙugu, fata biyu, igiyoyi sun haɗa su. Na ga makaɗin yana matse igiyar da hannun hagu yana saki, sauti yana hawa yana sauka. Wallahi dabarar kalangu ce, sai dai mu a hammata muke matsewa mu buga da makaɗi, su da tafin yatsu. Kakana da ya gani da ya gane ta nan take.

Bahaushe_a_Osaka
Idonka ya gani daidai. Sunanta kotsuzumi. Tana da yaya da ake ɗorawa a cinyar hagu, otsuzumi, kuma halinsu ya saɓa. Babbar tana son bushewa, sai an gasa fatarta a kan gawayi kafin a fito, shi ya sa take ƙara mai kaifi. Ƙaramar tana son laima, za ka ga makaɗin yana hura mata numfashi a tsakiyar wasa, ko ya manna 'yar takarda da yawu a fatar baya. Ihun da Ɗan_Marina ya ji kuma aiki yake yi. Ba su da mai ba da hannu a gaba, mai fuskar katako kuma da ƙyar yake gani ta ƙananan ramukan ido, ginshiƙan dandamalin ne ma suke nuna masa inda yake. Da ihun nan kowa yake sanin inda aka kai. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawanci sau ɗaya suke haɗuwa su gwada gaba ɗaya, su yi wasan rana ɗaya, su watse.

Jikan_Makaɗa
Gasa fata kam mun sani. Har yau in damina ta sauka sai an kanga ganga a wuta.

Malamin_Lakwal_Damagaram
Salamu alaikum. Ba wanda ya ambaci Kiyogen, alhali a dandamali ɗaya ake yin su, tsakanin Noh da Noh, don jama'a su sarara. Shi ban dariya ne, da maganar yau da kullum, galibi ba fuska. Tauraronsa bara ne mai wayo da ake kira Taro Kaja. Akwai wanda maigida zai yi tahiya, ya nuna wa barorinsa biyu wani mazubi ya ce dafi ne, ko iskar da ta biyo ta kansa ta taɓa mutum sai lahira. Yana fita suka dinga fifita suna matsowa har suka buɗe, ashe sukari ne, lokacin yana da tsada. Suka lashe tas. Sai suka yaga zanen da maigida yake ji da shi, suka fasa kwanon shayinsa, suka zauna suna kuka. Da ya komo suka ce kokawa suke yi suka yi ɓarna, don haka suka sha dafin su mutu su huta, ga shi sun cinye duka mutuwa ta ƙi zuwa. Na sa yaran ajina sun yi shi da Hausa a bikin ƙarshen shekara, na mai da sukarin zuma. Iyaye sun yi dariya har da hawaye, ba wanda ya tambayi daga wace ƙasa labarin ya fito. Wannan ma ya kai ɗaruruwan shekaru. Ɗan_Marina, shi ma matacce ne?

Ɗan_Marina
Malam, ai kai ka canja shi. Ka sa zuma, ka sa Hausa, ka sa yara. Shi ya sa ya yi rai. Su za su yarda a sa zuma?

Gwanki
Wannan amsa ta shiga.

Uwar_Biyu
Ni wani abu na gani a Kabuki da ya ɗaure min kai. Wata kyakkyawar mace tana rawa, ashe a ƙasan bidiyon an rubuta namiji ne, har ya manyanta. Ba su da mata ne a ƙasar?

Hajiya_Mai_Alli
Abin haushin ma mace ce ta ƙirƙiro shi. Sunanta Okuni, a 1603 ta fara a Kiyoto, ita da ayarinta suna rawa a busasshen gefen kogin Kamo, tana shigar maza da takobi. Gari ya ɗauka. Gidajen karuwai suka kwaikwaya, mayaƙa suka riƙa faɗa a kan 'yan wasan, sai hukuma ta hana mata hawa dandamali a 1629. Samari suka maye gurbinsu, fitinar ba ta canja ba, aka hana su ma a 1652. Aka bar manyan maza, aka kuma tilasta musu su riƙa yin wasa mai labari maimakon rawar jan hankali. Daga nan aka sami masu ƙwarewa a fitowa a mace, onnagata. Dokar ta daɗe da faɗuwa, amma manyan gidajen Kabuki sun riƙe abin a matsayin salo.

Uwar_Biyu
Mace ta dafa, maza suka karɓe tukunyar, shekara 400 ba su mayar ba. Allah ya isa wa Okuni.

Bakatsine_77
Maman Biyu, ki kwantar da hankali, an rama muku. Akwai ƙungiyar Takarazuka da ta fara wasa a 1914, mata zalla, su ne sarki su ne barde, kuma tikitinsu wahalar samu gare shi. Mu ma nan a tashe ai yarinya tana sa babbar riga ta fito a miji, yaro ya ɗaura zane. Ba wanda ya ɗauke shi wani abu.

Abu_Sumayya
Tashe wasan yara ne na 'yan kwanaki a cikin azumi. Kada a haɗa shi da ƙato mai iyali da ya mai da shigar mata sana'ar rayuwarsa. Su da al'adarsu, amma kada a ce mu ma haka muke.

Bakatsine_77
Ban ce haka muke ba, Malam. Na ce dabarar ba baƙuwa ba ce.

Injiniya_Zazzau
Bari in ba da abin da na gani da idona. Aiki ya kai ni Tokiyo, wani abokin aiki ya ja ni Kabuki-za a unguwar Ginza. Gidan tun 1889 yake, ginin yanzu a 2013 aka buɗe shi. Cikakken shiri yana cin awa huɗu da wani abu, amma suna sayar da tikitin fitowa ɗaya a can bene na sama, da araha, shi muka saya. Akwai wata hanya da ta ratsa tsakiyar 'yan kallo har zuwa dandamali, hanamichi, ta nan jarumin ya shigo. Fuskarsa fara fat da jajayen zane. Abokina ya ce ja na jarumi ne, shuɗi na mugu. Da aka kai wurin da abin ya yi zafi sai ya buga ƙafa, ya juya wuya, ya karkatar da ido ɗaya, ya sandare. Wani a gefe yana buga katako biyu a kan allo, ƙaf ƙaf ƙaf. Sai kawai wani tsoho a bayana ya kwarma ihu. Na zabura, na ɗauka rigima ce. Ashe sunan gidan ɗan wasan yake kira, kirari ne, kuma akwai daidai lokacin da ake jefa shi, in ka kuskure ka ɓata wasa. Na gidan Ichikawa Danjuro "Naritaya!" ake ce musu. Ban ji kalma ɗaya ta Japananci ba, amma barci bai zo kusa da ni ba.

Jikan_Makaɗa
Injiniya, sunan gida ka ce. Wato gado ne?

Injiniya_Zazzau
Gado ne sosai. Sunan ma gadonsa ake yi. Danjuro na farko a ƙarni na 17 ya yi zamani, wanda ke riƙe da sunan yanzu shi ne na 13, a 2022 aka yi bikin ba shi. Yaro yana ɗan shekara uku ko huɗu za a fito da shi ya gai da jama'a, ya girma yana hawa sunaye ɗaya bayan ɗaya. Noh ma gidaje biyar ne na masu fitowa a jarumi: Kanze, Hosho, Komparu, Kongo da Kita.

Jikan_Makaɗa
To nan ne maganar take, kuma ta taɓa ni. Mu ma gado ne. Kakana makaɗi, babana makaɗi, ni tela ne. Ba don kiɗan ya gagare ni ba. Na je neman aure aka ce ba a ba maroƙi, tun daga ranar na rataye kalangu. Su can ɗan makaɗi yana alfahari da sunan gidansu, mu nan ɓoyewa muke yi. Ko gwamnati ta zuba kuɗi, in sana'a abin kunya ce ɗa ba zai gada ba.

Hajiya_Mai_Alli
Allah ya huci zuciyarka, ɗana. Amma ka san su ma ba da daraja suka fara ba. 'Yan Kabuki "mabaratan bakin kogi" ake ce musu. An ware musu unguwa, a 1842 hukuma ta kwashe gidajen wasan Edo, wato Tokiyo ta yanzu, ta kai su Asakusa a gefen gari, ta kuma kori Danjuro na 7 daga birnin wai yana rayuwar da ta fi ƙarfin matsayinsa. Sai a 1887 Sarki Meiji ya zauna ya kalli Kabuki, abin da ba a taɓa yi ba. Daga nan kallon da ake yi musu ya fara juyawa. Yanzu gwamnati tana zaɓar ƙwararru ta ba su matsayin da jama'a ke kira taska mai rai ta ƙasa, da ɗan kuɗin shekara don su horar da magada. Bando Tamasaburo, mai fitowa a mace, ya samu a 2012, kuma shi ba a gidan Kabuki aka haife shi ba, almajiri ne da wani gida ya ɗauka ya mai da shi ɗa.

Yaro_Mai_Anime
Baba Ɗan_Marina, ka ce ba sa yarda a sa zuma. A 2015 an yi Kabukin One Piece, a 2018 aka yi na Naruto, duka labaran katun ne na Japan da matasa ke bi. Da fentin fuskar da sandarewar da komai. Matasa suka cika gidan.

Ɗan_Marina
Wannan kam ban musa ba, Kabuki yana motsi. Amma ka lura, shi ne wanda kamfani yake gudanarwa yana neman riba, ko ba haka ba?

Bahaushe_a_Osaka
Haka ne, kamfanin Shochiku ne ke riƙe da manyan wasannin Kabuki. Wanda ya fi kusa da zarginka shi ne Bunraku, kuma shi na fi so, don haka bari in faɗi yadda yake. 'Yar tsanar takan kai rabin mutum ko fiye. Mutum uku ke sarrafa guda ɗaya, kuma ba sa ɓuya, kana ganinsu. Babban yana riƙe da kai da hannun dama, na biyu hannun hagu, na uku ƙafafu. Biyun suna sanye da baƙaƙen kaya har fuska. Suna da magana cewa shekara goma a ƙafa, shekara goma a hannun hagu, kafin a ba ka kai. 'Yan tsana mata galibi ba su da ƙafafu ma, mai ƙafa da dunƙulen hannunsa yake motsa gefen zane har ka rantse tafiya take yi. Su ukun ba sa magana. A gefe akwai mutum ɗaya a zaune da littafi a gabansa, shi ne muryar kowa: tsoho, budurwa, yaro, mai ba da labari. Yana kuka, yana dariya, gumi yana zuba. Kusa da shi mai kaɗa shamisen, abin kiɗa mai tsirkiya uku. Bayan ɗan lokaci sai na daina ganin mutanen ukun kwata-kwata.

Takemoto Gidayu, wani irin wannan mai ba da murya, shi ne ya buɗe gidan wasansa a Dotonbori a nan Osaka a 1684, marubuci Chikamatsu Monzaemon yana rubuta masa wasanni. A 1703 wani yaron shago, Tokubei, da wata karuwa, Ohatsu, suka kashe kansu a dajin Sonezaki saboda an hana su juna. Cikin wata guda Chikamatsu ya mai da abin wasa, gari ya ruɗe, gidan ya biya basussukansa. Wato a lokacinsa labarin da ke bakin mutane ake ɗorawa a dandamali.

Abu_Sumayya
Subhanallah. A kashe kai a kuma mai da shi abin sha'awa. Wannan ba abin koyi ba ne ko kaɗan.

Bahaushe_a_Osaka
Hukumar lokacin ma ta ga haka, Malam. Masoya sun riƙa kwaikwayo, har wajen 1723 aka haramta irin waɗannan wasannin, aka hana yi wa waɗanda suka mutu ta wannan hanya jana'iza.

Bakatsine_77
Ashe hukumar tace fina-finai ba yau aka fara ba.

Hajiya_Mai_Alli
Ba yau ba, kuma marubuta ba yau suka fara zagaye ta ba. An hana sa al'amuran manyan mayaƙa na zamanin a wasa. A 1701 wani hakimi, Asano, ya zare takobi ya sari wani babban jami'i, Kira, a cikin fadar Shogun. Aka umarce shi ya kashe kansa a ranar, aka ƙwace ƙasarsa. Barorinsa 47 suka yi lamɓo kusan shekara biyu, sannan suka afka gidan Kira cikin dare suka sare kansa. Da aka zo yin wasan a 1748, mai suna Kanadehon Chushingura, sai aka mai da labarin ƙarni na 14, aka ɗan murɗa sunaye: shugabansu Oishi Kuranosuke ya zama Oboshi Yuranosuke. Kowa a gidan ya san wa ake nufi, hukuma ma ta sani. Don 'yan tsana aka rubuta shi, Kabuki ya ara, har yau yana cikin waɗanda suka fi cika gida.

Ɗan_Marina
Bahaushe_a_Osaka, ka ce Bunraku ya fi kusa da zargina amma ka tsaya yabonsa. Wa ke biya?

Bahaushe_a_Osaka
Shochiku ya riƙe shi har 1963, asara ta sa ya saki. Aka kafa ƙungiya da tallafin gwamnatin ƙasa, da jihar Osaka, da birnin, da gidan rediyo da talabijin na NHK. Gidan wasan ƙasa ya buɗe makarantar horar da sababbi a 1972, kuma a Bunraku ba a tambayar ɗan wane ne kai, da yawa daga masu yi yanzu daga makarantar suka fito. A 1984 aka gina musu gidan da na ce na shiga. A 2012 magajin garin Osaka na lokacin, Hashimoto Toru, ya riƙe tallafin birni, ya ce su nuna suna jawo 'yan kallo, daga baya aka ɗaura yawan kuɗin a kan yawan masu shiga. An yi ta cece-kuce. Wato irin tambayarka su ma suna yi wa junansu.

Ɗan_Marina
Madalla. To ga inda na tsaya. Kabuki yana ci da kansa, na cire shi. Noh ɗalibai masu kuɗi ne ke riƙe da shi. Bunraku in aka zare tallafi zai durƙusa. A zamanin Chikamatsu abin da ya faru watan jiya ake yi, yau kuma abin da ya faru shekara 300 da suka wuce ake maimaitawa, da harshen da Bajapane na yanzu sai an rubuta masa a allo ko an sa masa na'ura a kunne yake fahimta. Ni wannan adanawa nake kiransa.

Hajiya_Mai_Alli
Ni kuma ina ganin muddin akwai saurayin da zai yarda ya shekara goma a sunkuye yana motsa ƙafar 'yar tsana, akwai kuma wanda zai biya ya zauna ya yi hawaye, ba a ajiye abin yake ba. Abin da aka adana ba ya buƙatar magaji. Karatun tsofaffin waƙoƙinmu na ajami ma ai sai an yi wa yaran yanzu sharhi, ba mu ce sun mutu ba. UNESCO ta sa Noh da Kiyogen a jerinta na al'adun gargajiyar duniya a 2001, Bunraku a 2003, Kabuki a 2005, amma ba takardar ce ke hawa dandamali ba.

Jikan_Makaɗa
Hajiya, ni ko adanawar ce a yi mana. Kiɗan da kakana yake yi wa mahauta, ko a kaset ban same shi ba.

Malamin_Lakwal_Damagaram
Ɗan_Marina bai ba ni amsa kan Kiyogen ba fa. Su ba su sa zuma ba, kuma har gobe ana dariya a gidan.

Ɗan_Marina
Malam, bara ya cinye kayan maigida ai ko'ina abin dariya ne. Ka kawo min wanda ya yi dariya a Noh.

Uwar_Biyu
Ku dai ku ci gaba. Bahaushe_a_Osaka, in mutum yana da data kaɗan, da wanne zai fara?

Bahaushe_a_Osaka
Ki fara da Kiyogen ɗin dafin nan, sunansa Busu, bai fi rabin awa ba kuma ko ba fassara za ki bi shi tunda Malam ya ba da labarin. Daga nan ki nemi gajeren bidiyon Bunraku da ake nuna yadda mutum ukun suke aiki. Noh ki bar shi sai ranar da yara suka tafi gidan kakarsu.

Gwanki
Ni a turo min na Naruton.